Gurbin Laraba

...to ba zan cike ba. Sau nawa zan faɗa? Da wane yare? Gwamna sai miƙo min biro yake kamar mai ba jariri magani a cokali — ha, buɗe baki, ha — wallahi in bai janye hannun nan daga fuskata ba sai na karya biron gida biyu.

A ciki nake faɗin wannan. A fili "ba zan cike ba" kawai ya fito, shi ma da wata 'yar siririyar murya kamar ta magen da ruwa ya daka. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Mutum yana tafasa, muryarsa tana ba shi kunya.

Yaya, da ma kina nan. Da kin ga inda suka ritsa ni. Ɗakin tashar duba yanayi ta sashenmu a jami'a, taku huɗu tsawo, taku uku faɗi, na auna. Tebur ɗaya. Fanka tana juyi kamar an tashe ta daga barci. Kanta har rufi, cike da rajistoci masu baƙin bango. Ƙusa a bayan ƙofa, inda makullai suke rataye. Mu uku: ni, da Gwamna shugaban rukuninmu, wanda ba wanda ya zaɓe shi, shi ya miƙe ranar farko ya zaɓi kansa, sai Baba Mai Makulli, tsohon da yake kula da tashar, yana zaune yana goge gilashin awon ruwan da ya riga ya goge. Sau uku ke nan. Ina ƙirgawa. Komai ƙirga shi nake yanzu, abin da karatun nan ya mai da ni ke nan.

Ga takardar a tebur. Takardar mako, kuma makona ne, ni ce mai duba. Ƙarfe tara na kowace safiya: zafi, laima, iska, gajimare, ruwan da ya sauka. Litinin cike. Talata cike. Alhamis, Juma'a, tsaf, da rubutuna mai kyau, har bakwai ɗina na yi wa ɗamara. Laraba... gida biyu fari fat. Gidan zafi. Kamar giɓi a baki, duk inda ka kai ido sai ya dawo nan.

Ƙarfe sha biyu take isa ofishin Dakta, malamin kwas ɗin. Yanzu sha ɗaya da kwata.

"Ƙarama, lissafi ne fa," in ji Gwamna. "Talata ashirin da bakwai ɗigo huɗu. Alhamis ashirin da takwas cif. Raba tsakani, ashirin da bakwai ɗigo bakwai. Wa ya mutu?"

Wa ya mutu. Ji shi fa. Kuma Ƙarama — shekara sha bakwai laifi ce? Ni na ce ya yi shekara huɗu yana neman gurbin karatu har gemu ya cim masa? Wa ya mutu... Ba wanda ya mutu. Sai dai Laraba ba 'yar Talata da Alhamis ba ce da za a ce ta ɗauko hancin wannan da idon wancan. Rana ce mai kanta. Na ganta. Ina tsaye a cikinta.

Tara saura kwata na iso. Saura kwata! Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ni da nake karanta ƙarshen littafi kafin tsakiyarsa. Kwaɗo a ƙofar shinge. Na jijjiga. Na sake jijjigawa, kamar kwaɗo yana jin magiya. Ga farin akwatin can, taku goma, tsaye kan ƙafafunsa huɗu yana leƙena ta haƙarƙarinsa, ma'aunin zafi biyu a cikinsa, busasshe da mai jiƙaƙƙen lagwani, suna ta faɗin gaskiyarsu ba mai ji. Kofunan awon iska a sama suna juyi, ba ruwansu. Na kira wayar Baba — a kashe. In haura? Waya mai ƙaya, ga doguwar riga, ga masu wucewa. Tara ta zo. Tara ta wuce ni kamar motar da ta cika tun daga tasha. Gajimare na iya daga waje, na raba sama kashi takwas, biyar a rufe, na rubuta a tafin hannu. Iska ma na gani. Amma zafi? Da fata ake karanta zafi? Da goshi?

Sha ɗaya saura minti ashirin sai ga Baba. Yana sauri da ƙafar nan tasa mai ciwo, igiyar takalmi ɗaya a tsinke, ƙafar wando duk laka, alhali ko ɗigo ba a yi ba ranar. Sau uku makulli yana kuskure ramin kwaɗo. "Ki yi haƙuri, jikata." Shi ke nan. Bai ce ga inda ya je ba, ni kuma ban tambaya ba, don da na buɗe baki da abin da zai fito ba na faɗa wa tsoho ba ne. Na buɗe akwati: talatin da ɗaya. Wannan zafin sha ɗaya ne. Na tara ya tafi. Ba ya dawowa, ko wa ya roƙe shi.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To ga Larabar, ga Juma'ar. Mts.

Hanya uku ce, kuma duk ukun Gwamna ya zana min su da yatsa a tebur kamar ni ce ba na ganewa. In ja layi in rubuta dalili, *ƙofa a kulle* — takarda ta wuce wurin shugaban sashe, Baba ya karɓi takardar gargaɗi ta uku, ta uku kuwa sallama ce, saura masa wata takwas ya yi ritaya da mutuncinsa. In ja layi in bar gidan dalili ba komai — dokar Dakta, gurbi ba dalili, mai duba ce ba ta zo ba. Sifili. Maimaita kwas. Kin kuwa san abin da Abba ya ce, kina wurin, kina yanke farce kina yi kamar ba ki ji: shekara ɗaya na ba ki, kika faɗi kwas ko ɗaya sai makarantar jinya, ba musu. Ko kuma... ashirin da bakwai ɗigo bakwai. Kowa ya tafi gida lafiya. Kowa ya yi barci.

Wa ya mutu?

Shafi na goma sha huɗu! Na karanta, Yaya. Littafin mai duba, mai shafi casa'in da biyu, na karanta shi tas, har adireshin maɗaba'ar da ke bayansa. *Idan ba a duba ba, a ja layi. Kada a ƙiyasta. A rubuta dalili.* Jimla uku. Ko ɗan aji biyu zai gane. Na Gwamna yana nan sabo ƙal, da shi yake tokare waya in zai kalli ƙwallo. Su biyar a rukunin nan ba wanda ya buɗe shi, ni kaɗai, ni da — ni da —

"Kada ki cike min."

Muryarki. Mataji a hannunki, kina ƙwanƙwasa tebur. Shekarata sha ɗaya, aji biyar, duk gidan sun san na iya karatu. Duk makarantar ma. Yatsa yana tafiya a kan layi, baki yana motsi, abin da ta kusa da ni ta karanta jiya shi nake zubowa yau. In ta ƙure in dubi hoto, in dubi harafin farko, in jefa. Akwai zanen kaza, kalma ta fara da *ka*, to kaza ce mana. Sau bakwai cikin goma ina dacewa. Har yabo na sha. Ke kaɗai — rannan da la'asar, kina guga, kika ajiye dutsen, kika ɗora tafin hannunki a kan hoton. Karanta. Na ce kaza. Kika ce sake. Na ce kaza. *Katifa* ce. Katifa! Ba ki yi dariya ba, da ma kin yi. Kika ce daga yau duk kalmar da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, kada ki cike min da ka. Ranar sau sittin da uku na ce ban sani ba, ke kika ƙirga, da sandunan ashana. Ina kuka, majina, ina cewa na tsane ki. Na tsane ki kuwa, har wata biyu.

Yanzu ba abin da yake tsira daga idona. Allon kanti, kwalin magani, bayan sabulu, takardar da aka ƙunshe ƙusa a ciki. Littafi mai kauri na farko shekara biyu ke nan da na gama shi, na rungume shi ina zagaya tsakar gida kamar na ci kofi. Sai yau wani mai gemu zai ce min in dubi hoto in jefa? Talata kaza, Alhamis kaza, to Laraba ma kaza ce?

Katifa ce, malam!

"Me kika ce?"

Au. A fili ya fito. Ba komai. Ya dube ni kamar na zautu, ya dubi agogo, ya ja numfashi irin na manya. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Yana cewa wai kowa yana yi. Wai 'yan aji huɗu ma sun ce haka ake yi. Wai in tausaya wa tsoho. Tausayi! Yaushe Gwamna ya san tausayi? Shi da bai taɓa gaishe da Baba ba sai yana son makulli? Takardar rukuninsa yake so ta fita ba tabo, shi ke nan, don Dakta ya ce wane rukuni ne wannan, a ce na Gwamna ne.

Shi kuma Baban — yi magana mana! Yana ta goge gilashi. Huɗu ke nan. Kai ka makara, ni ake tsarewa. Kai ka ja ruwa, ni ruwa yake duka, ina aka taɓa haka? Ka ce wani abu. Ka ce cike, in ji haushinka da hujja. Ka ce kar ki cike. Ka ce mota ce ta lalace, ka ce mara lafiya gare ka, ka ce barci ne ya ɗauke ka, ko ƙarya ce ka yi min in samu abin riƙewa. Kansa a ƙasa, furfurar nan ta bayan kunne...

Shi ya koya min durƙusa wa ruwa. Makon farko. Na ɗaga gilashin awo sama ina karantawa a tsaye, ina sauri, sai ya riƙe min hannu. A'a, jikata. Ruwa ba a duba shi daga sama, raini ne, sai ya yi miki ƙarya. Ajiye shi. Durƙusa. Ido da ido. Na durƙusa a ciyawa, rigata ta jiƙe, na ga yadda bakin ruwan yake lanƙwasa kamar murmushi, ya ce ƙasan murmushin za ki karanta. Shida ɗigo biyu. Ya ce madalla, kin fi wasu masu digiri. Ranar ban taka ƙasa ba har gida.

Gida. Hm. "Malama Hadari, in shanya ko in bari?" Kullum Umma, da bokitin wanki a hannu, tana dariya ƙasa-ƙasa. In na ce wata uku kawai na yi, ba a fara koya mana hasashe ba, sai ta ce to me ake koya muku? Goggo kuwa cewa ta yi, yanzu mutum sai ya je har jami'a ya koyo kallon sama? Ai mu ma muna da wuya. Aka kwashe da dariya, har Abba. Na shige ɗaki na bugo ƙofa. Ba su sani ba. Ba su san akwai wani a can wata ƙasa, da wani a tsakiyar teku, da wani a kan dutse, kowa ya buɗe farin akwatinsa a kan lokacinsa, kowa ya rubuta abin da ya gani, a tara, a haɗa, daga nan ake sanin inda hadari ya dosa ba. Dakta ya ce lamba ɗaya ta ƙarya kamar tsakuwa ce a abinci, ba ka ganinta sai haƙori ya gamu da ita. Ranar da ya faɗa tsigar jikina ta tashi. Na ce nan ne. Nan ne wurina, inda ake cewa abin da aka gani kawai.

In na koma jinya Goggo za ta ce ai da ma. *Ai da ma.* Gara a mare ni.

Sha ɗaya da rabi.

Kada ki kalli kantar nan. Kada ki — na kalla. Shekara talatin da ɗaya, rajista talatin da ɗaya, duk rubutun Baba, duk bakwai ɗinsa da ɗamara, a wurinsa na kwaikwaya. Ya taɓa buga bangon ɗaya da tafin hannu, yana alfahari: duba ki gani, jikata, babu gurbi ko ɗaya. Na duba. Ni da karatu, ai sai da na bi guda shida shafi-shafi kamar littafin labari. Babu. Ko ɗaya. Na ce kai, wannan mutum! Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa —

Bai taɓa zazzaɓi ba? Bai taɓa zuwa jana'iza ba? Matarsa ba ta taɓa naƙuda da safe ba? Igiyar takalminsa ba ta taɓa tsinkewa ba sai shekaranjiya?

Wayyo.

A'a. Tsaya. Wataƙila wani yana riƙe masa. Wataƙila... amma rubutun iri ɗaya ne, Yaya, hannu ɗaya ne, na gani da idona.

Rajista ta goma sha huɗu, ta uku daga hagu a layin tsakiya, mai yagaggen gindi. Ranar da aka haife ni tana ciki. Na nemo ta, ba wanda ya sa ni. Ruwa: sha biyu ɗigo shida. Gajimare: takwas cikin takwas. Na ɗauki hotonta a waya, na tafi gida da gudu, Umma, Umma, ashe ranar ruwa aka haife ni, shi ya sa! Ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce ruwa? Rana ce ƙwal, har Abbanki yana yi min fifita da kwali a asibiti. Na ce kin manta ne. Na ce *kin manta ne*, ga uwar da ta haife ni! Na ce littafi ba ya mantuwa, na kai mata wayar har hanci. Ta ce to, tunda boko ya faɗa. Ta ci gaba da tsinta.

Hoton lambar ne a fuskar wayata har yanzu. Sha biyu ɗigo shida.

Ana iya ruwa a nan a ƙi yi a can, na sani, mun yi wannan a aji, hadari yana iya jiƙa unguwa ɗaya ya tsallake ta kusa da ita. Kuma ruwan da aka auna da tara na jiya ne zuwa yau. Zai yiwu gaskiya ne. Zai yiwu ya durƙusa ranar, ido da ido, ya ga ƙasan murmushi. Zai yiwu kuma yana wani wuri da laka a wando, washegari ya zauna a kujerar nan ya dubi yau, ya dubi shekaranjiya, ya raba tsakani... Yaya zan yi in sani? Da ya ja layi sau ɗaya, sau ɗaya tak a shekara talatin da ɗaya, da na yarda da duk sauran. Yanzu kowace lamba tana kallona da ido biyu. Ya cuce ni. Tsohon nan ya cuce ni, ya ƙwace min ranar haihuwata, kuma yana zaune yana goge gilashi!

In tambaye shi? Baba, ranar kaza ga watan kaza, an yi ruwa? Zai tuna? In ya ce eh, in yarda? In ya yi shiru fa?

Gwamna ya ajiye biron a kan takarda. Ya juya shi, bakinsa yana nuna Laraba. Ya koma rarrashi. Ƙanwata, in ji shi. Yanzu na zama ƙanwa.

Ni dai ban taɓa ba. Ni dai hannuna — Litinin.

A'a, wannan daban ne.

Litinin, motar ta tsaya shan mai, na iso ina haki, na buɗe akwati, na karanta, na dubi waya: tara da minti sha ɗaya. Me na rubuta a gidan lokaci? Me na rubuta? Tara cif. Da sifili biyu masu kyau, zagayayyu kamar idon mujiya. Ga su can a saman takardar suna kallona. Minti sha ɗaya ne kawai, littafin ma ya ba da rangwamen minti goma, ɗaya ne ya hau, ɗaya tak, wa zai — wa ya mutu?

Innalillahi. Da muryarsa ma na faɗa.

To haka ake farawa ke nan? Ba wanda yake tashi da safe ya ce yau zan cika littafi da ƙarya. Minti ɗaya. Sai sha ɗaya. Sai wata Laraba, da wata 'yar yarinya ko wani tsoho da za a kora in ba ka cike ba, sai ka ce sau ɗaya ne, don Allah ne ma, taimako ne. Sai ka ɗaga kai ka ga furfura da rajista talatin da ɗaya. Shi ma wataƙila akwai ranar da ya tsaya a ɗakin nan yana tafasa, da 'yar siririyar murya...

Ba na so in gane shi. Ba na so! Haushi nake so in ji, haushi ya fi sauƙi, bar ni da haushina.

Sha biyu saura minti ashirin da biyu.

Na ɗauki biron. Gwamna ya saki ajiyar zuciya, har da alhamdulillahi. Tsaya tukuna, malam. Litinin na fara. Na soke sifilin nan biyu, na rubuta sha ɗaya a sama, ƙanana, na sa hannu a gefe yadda shafi na tara ya ce. Yana cewa me kike yi, me ya kai ki Litinin? Sai Laraba. Ba rula, ba komai. Layi. Gida na farko. Layi, gida na biyu — na danna har takardar ta huje, biro ya shiga katako. Shi ke nan. Ba mai raba tsakani a kan wannan, sai dai ya raba rami.

"Kin kashe mu," in ji Gwamna. Mu. Shi da wa?

Saura gidan dalili. Dogo ne, ya fi sauran faɗi, an bar wa mutum fili ya yi bayani. Kalma uku ce. *Ƙofa a kulle.* Na iya rubuta su, na iya karanta su, gaskiya ce tsantsa, shafi na goma sha huɗu jimla ta uku. Bakin biro yana kan takarda. Ya yi ɗigo. Ɗigon yana faɗi.

An ajiye gilashi a tebur. Ƙwas.

"Rubuta, jikata." Ya miƙe tsaye. "Rubuta abin da ya faru. Haka littafin ya ce, ai kin karanta."

Kai! Kai, Baba! Yanzu? Yanzu za ka yi magana? Da ka roƙe ni da na rubuta, wallahi da na rubuta da manyan baƙaƙe har in ja layi a ƙasa. Da ka ce rufa min asiri da na samu ƙarfi. Sai ka miƙo min wuya? Wa ya ce ka miƙo? Wa ya ce ka tashi tsaye, da takalmin da ka ɗaure da waya, na gani, tun ɗazu na gani, waya ce ta shingen can ka ɗaure shi da ita... Wata takwas. Ni shekara uku da wata tara suka rage min, in an bar ni. In an bar ni. Farar riga, allura, Goggo, *ai da ma*. Farin akwatin nan wani ne zai riƙa buɗe shi, wani irin Gwamna, daga tsaye.

In na bar shi fari, na ce ban zo ba. Na zo kuwa. Saura kwata na zo. To shi ma ƙarya ne, ƙarya da baki a rufe. In na cike shi, gaskiya ce, kuma ni na kori tsohon da ya koya min durƙuso. Yaya, wannan fa? Wannan ba ki koya min ba. Kin ce in ban sani ba in ce ban sani ba. To in na sani fa? In na sani sarai, harafi-harafi, kuma bakin ya ƙi buɗuwa? Wane shafi ne wannan? Na karanta casa'in da biyu, babu shi. Babu!

Na sa hannu a ƙasa. Sunana, cikakke, mai duba. Gidan dalili ɗigon tawada ne kawai a cikinsa, baƙi, kamar ƙuda ya mutu.

Gwamna yana magana. Baba yana magana, jikata, jikata, dawo ki — ba na ji. Kujera ta faɗi, ni na ture ta ko ita ta faɗi, oho. Jakata. Ƙofa. Na fizgo ta da hannu biyu, da duk abin da yake cikina —

Garam!

Makullai sun zubo daga ƙusa, na ji su a siminti ta ciki, cakwal. Wani zai durƙusa ya tsince su. Na san wa.

Tafiya nake. Ban san ina ba, ƙafa dai tana yi. Shinge a hagu, farin akwati, kofuna suna juyi ba ruwansu. Saura minti goma sha takwas, takardar tana tebur, biron ma yana tebur, da gudu minti ɗaya ne in koma... ba zan koma ba. Zan koma? Kada ki ɗaga kai. Kada ki — na ɗaga. Wuyan ne ya saba. Raba ta takwas. Huɗu a rufe. A'a, biyar. Huɗu... idon ya cika, komai ya narke, fari ya shiga shuɗi, ba na ganin bakin ko ɗaya.

Ban sani ba.

Sa ashana ɗaya, Yaya.